Tsohon Gida a Longsight ko Sabon Bene a Tsakiyar Manchesta?

Assalamu alaikum ƙanwata. Tsakanin gidaje biyun da kika ce baban yara ya gano muku kafin ku taso, wato ɗaki biyu da falo a sabon bene na tsakiyar Manchesta da kuma tsohon gidan jan bulo mai ɗaki uku a unguwar Longsight, ki ce masa ya kama na Longsight, matuƙar gidan ya tsallake binciken da zan yi miki bayani. Na zauna a irin kowannensu da ƙananan yara, saboda haka abin da ya same ni zan gaya miki.

Sabon bene muka fara kamawa, a hawa na tara, domin hotunansa sun burge mu tun muna gida. Ba zan hana shi haƙƙinsa ba: yana riƙe ɗumi, babu danshi, kuma ƙofar shiga a kulle take kullum. Iyakar alherin da na gani ke nan. Wata goma sha biyu muka yi a ciki, ba a taɓa yi mana sallama a bakin ƙofa ba sai mai kawo saƙo, kuma takarda ta farko da wani maƙwabci ya turo mana ta ƙarƙashin ƙofa ƙorafi ce a kan gudun yara da ƙarar turmi. Babu gas a ginin, girki da ɗumama ɗaki da ruwan wanka duk da lantarki ne, kuma kowace naƙasa ta lif tana nufin in sauko hawa tara da goyo da keken yaro. A watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, baban yara yana wurin aiki, nakan tsaya a taga ina kallon fitilun gari ina hawaye, ba don rashin abinci ko sutura ba, sai don babu wanda zan ce wa ina wuni.

Gidan Longsight kuwa ranar da muka tare, ba mu gama sauke kaya ba wata dattijuwa 'yar asalin Pakistan da ke maƙwabtaka da mu ta leƙo ta kan katangar baya, ta miƙo mana tiren shinkafa da fulas ɗin shayi. Turancinta kaɗan ne, nawa ma a lokacin bai nuna ba, amma ita ta nuna mini wane kwandon shara ake fitarwa a wace rana, ita ta kai ni asibitin unguwa na yi wa yara rajista, ita ce kuma ta riƙe mini manyan biyu daren da naƙudar autana ta taso. Ranar suna ban san ta inda labari ya bi ba, sai ga mata Somaliyawa da 'yan Sudan, da wasu Hausawa biyu, ɗaya 'yar Zariya ɗaya 'yar Kumasi, sun cika mini falo har kan matakala, kowa da kwanonta. A wannan rana na daina ƙirga watannin da suka rage mu koma gida. Kada ki ɗauki wannan ƙaramin abu, domin a Ingila laifi ne a bar yaro shi kaɗai a yanayin da zai iya cutuwa, kuma ma'aikatan kula da walwalar yara ba sa wasa da irin wannan rahoto. Uwar da ba ta da maƙwabciyar da za ta bar wa yaro na awa guda ta zama fursuna a ɗakinta.

Sannan duk abin da gidan Musulmi ke buƙata yana kusa. A kan titin Stockport Road akwai mahauta masu naman halal da shagunan da za ki samu kuɓewa, doya, manja da attaruhu, ga kasuwar Longsight da ake sayar da yadi da kayan miya. Bas mai lamba 192 yana bin titin zuwa tsakiyar gari ba ƙaƙƙautawa, don haka baban yara ba zai takura ba ko kafin ku sayi mota. Babban masallacin Manchesta yana Victoria Park, tafiyar ƙafa ce, Rusholme ma da gidajen abincinta ba nisa, kuma masallatan unguwa suna da karatun yara da yamma. Idan kewar kayan gida ta yi yawa, a Moston Lane da ke arewacin gari shagunan 'yan Najeriya suka fi yawa. Makarantar boko kuma ta hannun ƙaramar hukuma ake nema, kuma idan masu nema sun fi gurbi yawa, kusancin gida da makaranta yana cikin abubuwan da ake dubawa. Yaro mai shekara 3 ko 4 yana da awa 15 kyauta a mako a makarantar reno, ko da wace irin biza iyayensa suka shigo.

Ta fuskar kuɗi ma tsohon gidan yakan fi sauƙi. Harajin ƙaramar hukuma a Ingila rukuni-rukuni ne daga A zuwa H, bisa ƙimar da gida zai yi a shekarar 1991, kuma ƙananan gidajen jere irin na Longsight galibi suna rukunin ƙasa, sababbin benaye na tsakiyar gari kuwa sukan hau sama, ga kuɗin wurin ajiye mota da sau da yawa daban ake biya.

Amma aibin tsohon gida guda ɗaya ne, kuma babba ne, wato danshi da fumfuna. Yawancin gidajen nan sun haura shekara 100, bangonsu bulo ne zalla, sanyi na ratsa shi. Mu da muka saba shanya kaya a rana su bushe kafin la'asar, idan muka zo nan sai mu rufe tagogi ruf saboda sanyi, mu baza wanki a kan hita, mu ɗora tukunyar tuwo tana tururi, kafin wata biyu bayan kabad ya yi baƙi. Wannan ba maganar ƙazanta ba ce kawai, magana ce ta rai. A Rochdale, nan kusa da Manchesta, wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak, ɗan wasu iyaye 'yan asalin Sudan, ya rasu a watan Disamba na 2020 sakamakon ciwon numfashi da fumfunar gidan hayarsu ta jawo, har daga baya aka yi doka da sunansa. Don haka idan baban yara ya je duba gidan, ya ja kujeru da gadaje daga jikin bango, ya duba ƙarƙashin tagogi da kusurwar banɗaki, ya shinshina ɗakunan, kuma idan ya ga bango ɗaya tak da sabon fenti alhali sauran sun tsufa, ya tambayi dalili. Ya nemi takardar ingancin riƙe ɗumi, wadda ke da maki daga A zuwa G, domin doka ba ta yarda a ba da hayar gidan da ya gaza E ba, ya kuma nemi takardar binciken gas ta shekarar, ya kunna tukunyar ɗumama gida ya ji hitocin sun ɗauki zafi da hannunsa. Mu abin da ya cece mu shi ne injin tsotse danshi da muka saya, da buɗe taga na ɗan lokaci kowace safiya ko da sanyi na yankan fata, kamar yadda dattijuwar nan ta koya mini.

Akwai kuma abin da ba ki tambaya ba amma wajibi ne in faɗa. Macuta sun yi yawa a harkar hayar gida, kuma sababbin zuwa suke farauta, domin sun san ba mu da tarihin bashi a ƙasar, ba mu da mai tsaya mana, ga gaggawa. Sukan kwashi hotunan gidan wani su sa a Facebook ko zaurukan WhatsApp da farashi mai rahusa, su ce mai gidan yana ƙasar waje, a tura kuɗi a aiko da makulli. Abin da ya fi ciwo, wasu daga cikinsu namu ne, da sallama da ambaton Allah za su fara. Wata baiwar Allah da na sani ta tura kuɗin wata uku tun tana Najeriya, ta sauka da yara da akwatuna ta tarar da wasu mutane zaune a gidan, ba su ma san an tallata shi ba. Kada ku biya ko sisi kafin baban yara ya shiga gidan da ƙafarsa. Da fam 7 zai iya bincika sunan mamallakin gida a shafin hukumar rajistar filaye ta Ingila. Tun dokar 2019, dillali ba shi da ikon karɓar kuɗin nuna gida ko na cike takardu, kafin alƙalami ba ya wuce hayar mako ɗaya, kuɗin ajiya kuma a irin gidajen da muke kamawa ba ya wuce hayar mako biyar. Misali, idan haya fam 1,000 ce a wata, ajiyar ba za ta haura fam 1,154 ba. Dole ne kuma mai gidan ya saka kuɗin a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya ba ku shaida a rubuce. Wanda ya ce a ba shi tsabar kuɗi a hannu ba rasit, ko ya ce yarjejeniyar baki ta wadatar tunda duk Musulmi ne, ku bar masa gidansa. Ranar tarewa kuma ku ɗauki hoton kowane ɗaki da kowane tabo a kafet da lambobin mita, domin da su za ku karɓo ajiyarku ranar tashi.

Ku kama na Longsight. Idan danshinsa ya yi yawa, ku nemi wani a layukan da ke kusa ko a Levenshulme, amma kada ku koma wa benen. Ki sanar da ni ranar da jirginku zai sauka, zan haɗa ki da matan unguwar tun kafin ki kwance akwati. Allah Ya kawo ku lafiya, Ya sa ku shiga a sa'a.