Firam ɗin hoto mai waifai ko waya mai WhatsApp, wanne za a saya wa Mama

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Tsakanin firam ɗin hoton nan mai waifai da wayar Android da kike tunanin saya wa Mama don ta riƙa ganin jikokinta, ni dai waya zan ce ki saya ki sa mata WhatsApp, kar ma ki tsaya dogon lissafi. Duka biyun akwai su a gidanmu a Katsina, wayar na hannun Hajiyarmu dare da rana, firam ɗin kuma yana saman wadrof a cikin kwalinsa.

Ba wai ba shi da kyau ba, hoto na fita tas a jikinsa, iyakar yabon da zan iya yi masa kenan. Yadda yake aiki shi ne a jona shi a wuta a haɗa shi da waifai, ku 'ya'ya kowa ya sauke manhajarsa a waya, in kun tura hoto sai ya bayyana a can yana juyawa ɗaya bayan ɗaya. To yawancinsu ba su da batir kuma ba wajen sa layi, ana ɗauke wuta ya mutu, kuma sai kin saya masa maifai daban, wato ƙaramar na'urar da ake sa wa layi ta ba da waifai, shi ma maifai ɗin yana son cajinsa da datarsa, kin ga abu ɗaya ya zama biyu a gidan da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama. An yi shi ne don gidajen Turai da Amurka inda waifai yake kunne kullum. Sannan akwai abin da mai talla ba zai faɗa miki ba, iyayenmu a ɗakinsu suke sallah, kuma da yawansu ba sa son hoton mutum a girke a ɗaki balle wanda fuskoki ke canzawa a kai. Hajiya kallabi take yafa masa in za ta tada sallah, daga baya kallabin ya zauna a kai gaba ɗaya, daga nan kuma sai kwali.

Amma babban dalilin da ya sa ya sha ƙasa a wajena shi ne ba ta iya mayar da magana ta cikinsa. Tsohuwa in ta ga jikanta ba kallo kawai take so ba, so take ta tanka, ta tsokane shi, ta sa masa albarka, ta yi wa uwarsa faɗa kan me ya sa yaron ya rame.

Lokacin da ɗana ya yi famfara na ɗauke shi hoto yana dariya da giɓinsa na tura mata, kafin in ajiye wayar sai ga saƙon murya ya shigo, tana cewa "kai mijin nawa ina haƙoran suka tafi, to ni ba na auren mai giɓi, ka nemi wata", tana faɗa tana dariya har da tari, ana jin kukan kaji a bayanta. Yaron nan ya ƙwace wayar ya danna ya ce ai shi ma ya fasa tunda ita ma nata sun zube, ƙanwarsa kuma da Hajiya ke kira kishiya ta tsaya a gefe tana kuka sai an ba ta ta yi nata. Haka suka yi ta yi har aka kira magariba. Hajiya ba ta karatun boko, Alƙur'aninta da ajami take karantawa, amma ta gane kowa da hoton da ke kan lambarsa, ta gane alamar makirfon ɗin nan da ake dannewa a yi magana a saki, kuma ta iya sa yatsu biyu ta buɗe hoto ya ƙara girma. In aka turo hoton jariri sai ta ja shi har kunne ya cika sikirin, ta daɗe tana dubawa sannan ta yanke hukunci, wannan kunnen Malam ne, hancin kuma na dangin uwarsa ne. Wayar na cikin jakarta in za ta biki ko suna ko islamiyya, duk wadda ta zauna kusa da ita sai ta ga hotunan Sallar jikokin da ke Abuja da na ƙanena da ke karatu a Madina. Yanzu ma ita ke turo mana nata, ranar da akuyar da ta ba ɗana ta haihu ita da kanta ta ɗauki hoton 'ya'yan ta aiko masa, rabin hoton yatsanta ne ya rufe amma har yau yaron bai yarda an goge shi ba.

WhatsApp ɗin ma da nasa matsalolin, gara ki sani tun yanzu. Yana matse hoto don ya rage cin data, shi ya sa in kin je wankewa a situdiyo sai ki ga ya yi dishi-dishi. Tun 2023 sun sa alamar HD a sama lokacin turawa, ki riƙa dannawa in hoton mai muhimmanci ne, in kuma na wankewa ne ki tura shi a matsayin fayil sai ya je yadda yake. Sitatus kuma awa 24 yake yi ya ɓace, kar ki dogara da cewa ai na sa a sitatus Mama za ta gani, ki tura mata kai tsaye. Sannan ba ma'ajiya ba ce, waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta in ba a saita ajiya ba hotunan shekaru sun tafi. Mu abin da muka yi shi ne muka buɗe albam na haɗin gwiwa a Google Photos, mu 'ya'yan kowa na zuba nasa a ciki, ita Hajiya ba ruwanta da shi ko sunansa ba ta sani ba. Google na ba da giga 15 kyauta amma a haɗe yake da Gmail da Drive, ajiya marar iyakar da suke bayarwa a da sun tsayar da ita tun Yunin 2021, kuma yanzu ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma a cikin wannan giga 15 ɗin ake lissafa ta, don haka in kin saita wa Mama ki cire bidiyo daga ciki in ba haka ba nan da nan zai cika.

Wayar ba sai mai tsada ba. Ki nemi mai faɗin fuska kamar inci 6.5, batir 5000, wajen ajiya giga 64, ram ko da 3 ko 4, da sifika mai ƙara saboda kunne ya fara nauyi, irin su Tecno da Itel da Infinix duk suna da masu wannan tsarin kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu a garuruwanmu. Kar ki ba ta tsohuwar wayar da ta shekara goma a durowa, WhatsApp ya daina aiki a Android ɗin da bai kai 5.0 ba. Tablet kuma na san za a ce miki ya fi girma, gaskiya ne amma yana da nauyi a hannun tsohuwa, ba ya shiga jaka, wasu ma ba sa ɗaukar layi.

Dan Allah ki kula da masu sayarwa, nan ne ake cutar mutane musamman in sun ji kin ce ta tsohuwa ce, sun san ba za ta gane ba sai bayan wata biyu. Akwai masu ɗaukar waya ta hannu su canza mata murfi su sa a kwali su liƙe da leda su ce sabuwa ce dal. A gaban mai shagon ki danna *#06# lambar shaidar wayar da ake kira IMEI za ta fito, ki gwada ta da wadda ke jikin kwalin, in ba su zo ɗaya ba ki ajiye masa kayansa ki yi gaba. Ki sa layi ki yi kira ki ji sifika, ki jona caji ki ga yana hawa, ki karɓi rasit mai sunan shago da lambar IMEI ɗin a rubuce, saboda wayar sata in aka bibiyo ta wanda aka samu da ita a hannu shi ke fara shan tambaya, ba kya so a zo ƙofar gidan Mama kan wannan. Memori kuma shi ya fi yawan jabu, a rubuce giga 64 ko 128 a farashin banza, waya ma za ta nuna hakan, amma in ya wuce ɗan abin da yake iya ɗauka da gaske sai hotuna su fara lalacewa su ƙi buɗewa. Kuma kar ki bari yaron shago ya ce bari in buɗe mata imel, ya buɗe ya riƙe lambar sirrin, ke ki buɗe da hannunki ki rubuta ki adana. Masu tallan firam a intanet su ma haka, za su ce yana da batir ko ba ya buƙatar intanet, ki tura kuɗi kaya su zo ba haka ba, wani ma daga kin tura shikenan ya toshe ki.

In kin kawo wayar ki zauna ki saita ta kafin ta isa hannunta. Ki ƙara girman rubutu, ki cire duk tarkacen da ke fuskar wayar ki bar kira da WhatsApp da kyamara kawai, ki maƙala guruf ɗin gida a sama, ana iya maƙala hira har uku. Ki kashe saukar bidiyo da kansa, ki kuma saita cewa sai wanda ke cikin lambobinta ne zai iya jefa ta a guruf, in ba haka ba cikin sati ɗaya za ki same ta a guruf goma ana ta turo dogayen bidiyo suna cinye data, data kuwa kin san yadda ta koma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Hoto da saƙon murya ba sa ci sosai, kiran bidiyo ne mai ci, mu ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muke yin sa. Layin ya zama da sunanta da NIN ɗinta, kuma ki riƙa sa mata data daga inda kike kar ya daɗe a kashe, WhatsApp na iya goge asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba.

Abin da ba zan gaji da faɗa ba shi ne lambar nan guda shida da WhatsApp ke turowa in za a buɗe shi a wata waya. 'Yan damfara na kiran tsofaffi su ce daga ƙungiyar islamiyya ne ko tallafi ne ya fito, an turo miki lamba karanto mana, tana karantowa sun ƙwace WhatsApp ɗin su fara bin 'ya'ya da dangi da sunanta suna roƙon kuɗin asibiti. Ki kunna mata tabbatarwa mai mataki biyu ki riƙe lambar sirrin da kika sa a wajenki, ki kuma gaya mata da baki ko wa ya kira ya nemi lamba ta ce sai ta tambayi 'yarta. Hotunan yaran ma ku yi magana a gida, na wanka ko na yaro ba riga kar a tura sam, na kayan makaranta mai bajo a bar shi a guruf ɗin gida, iyayenmu dama suna gudun kambun baka don haka in kin ce mata kar ta tura wa kowa za ta fi ki riƙewa.

Ki nemi yarinya ɗaya mai hankali a gidan ta zama ita ke duba mata caji da share abin da ya cika, ke kuma ki koya wa Mama abu biyu kawai a ranar farko, buɗe hoto da danna makirfon, sauran za ta gano da kanta a hankali. Kuɗin da za ki zuba a firam da maifai ki sayi wayar da fawa bank mai kyau ko ƙaramar sola, abin da ya rage ki je situdiyo a wanke mata hotunan Sallar bana a sa a albam na takarda. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya raya mata zuri'a.