Fok ɗin da ake matsewa a bakin bokitin tarakta: ya rage mini wahala, ya lanƙwasa mini bokiti

Tun da abokan noma suka fara ganin fok a gaban taraktata a kan hanyar Kura, waya ba ta huta ba, kowa tambayarsa ɗaya: in saya ko kada in saya? Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani da idona, mai so ya karanta. Irin wanda nake magana a kai shi ne yatsun ƙarfe guda biyu da ake zurawa a leɓen bokitin loda (wato hannuwan ɗaga kaya da ke gaban tarakta), a matse kowanne da babban sukuru daga sama, ba tare da an kwance bokitin ba.

Shinkafa nake nomawa rani da damina a yankin Kadawa, da ruwan da ke zuwa mana daga Tiga. Daɓen sitona yana tsattsafo da damina, don haka tun da jimawa na sa kafinta ya buga mini falet na katako, a kansu nake jera taki da shanshera. Matsalar ita ce lokacin dashe da lokacin girbi 'yan dako wahalar samu suke, kowa yana gona, wanda ka samu kuma sai yadda ya ce. Foklif kuwa, injin nan mai ɗaga falet a manyan sito, ba sai na faɗi kuɗinsa ba, kuma ƙananan tayoyinsa ba za su yi taku goma a hanyar gonarmu ba. Da na ga hoton wannan fok a WhatsApp wurin wani mai shigo da kayan noma, sai na ji kamar don ni aka ƙera shi.

Ranar farko kam na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ɗaura shi ba ya buƙatar makanike. Ka ajiye yatsun a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ka auna tazararsu da ramukan falet ɗinka, ka sauke bokiti ya kwanta daidai, ka shiga a hankali har leɓen bokitin ya kai ƙarshen bakin kowane yatsa. Sai ka ja birkin hannu, ka kashe inji, ka sauko ka matse sukurun. Dole leɓen ya shige har ƙarshe, in ya tsaya rabi to a kan iska ka ɗaure. Dole kuma tazarar kowane yatsa daga tsakiyar bokiti ta zama ɗaya, don kada nauyi ya karkata hannu guda. Ni da direbana mun gama kafin shayin da aka ɗora ya tafasa. A ranar muka kwashe bututun ban-ruwa da katakon rufi da wani tsohon injin ruwa da ya daɗe yana tare mana ƙofa. Har na kira mai kayan na sa masa albarka.

Abu biyu na tambaye shi a wannan kiran. Na farko, a hoton da ya turo akwai wani ƙarfe da ya gitta tsakanin yatsun biyu yana riƙe su kada su buɗe, amma a kayan da aka kawo babu shi. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ado ne, sukurun kaɗai ya isa, amma zan aiko maka in kaya sun iso." Na biyu, na tambaye shi nauyin da zai ɗauka. A jikin yatsun an buga 4,000 da ma'aunin Amurka, wato kusan kilo 1,800. Na ce masa buhun taki kilo 50 ne, ashirin tan guda ke nan, zai ɗauka? Ya ce, "Har talatin ma, ranka ya daɗe." Waɗannan amsoshi biyu su ne tushen duk ɓacin raina.

Lokacin zuba takin yuriya ya zo, ana buƙatar a fitar da taki daga sito zuwa motar da ke tsaye a bakin titi, don ba za ta iya shigowa ba saboda laka. Ban ɗora talatin ba, ban ɗora ashirin ba. Buhu goma sha biyu na sa aka jera, kilo 600, kashi ɗaya cikin uku na abin da aka buga a jikin ƙarfen. Haro na rataye a bayan tarakta don ya danne tayoyin baya. Direba ya zura yatsun, ya ɗaga kaɗan, ya karkato bokitin baya, ya taho da giya ta ɗaya, kayan ba su fi tsayin gwiwa daga ƙasa ba. Duk abin da ake cewa a yi, an yi.

A daidai kwanar da ake fita daga harabar sito akwai wani ɗan kwari da ruwan sama ya zaizaye. Tayar gaba ta hagu ta faɗa, taraktar ta ɗan girgiza, sai na ji wani ƙara na ƙarfe yana goga ƙarfe. Yatsan hagu ya juya ya buɗe waje, a kan idona, sukurun da muka matse da dukkan ƙarfinmu ya zame a kan cikin bokiti. Falet ɗin ya rasa abin da ke riƙe da gefe guda, katako ɗaya ya tsage, buhuna suka zubo. Yaron da ke nuna wa direba hanya da hannu, ɗan yayata ne, shekararsa ba ta kai ashirin ba. Na riga na ce masa ya tsaya nesa, kuma ya tsaya, amma buhu ɗaya sai da ya mirgino ya tsaya a ƙafarsa. Da ya matso taku biyu don ya leƙa, kamar yadda yara ke yi, ban san me zan je in gaya wa uwarsa ba. Direban ya kashe inji ya sauko yana ta salati, hannunsa na rawa. Ya ce, "Wallahi Alhaji ban taka komai ba." Na ce masa na sani, a gabana aka yi.

Buhu huɗu suka fashe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Duk manomi ya san yuriya da danshi, kafin a kawo shebur da tamfol rabi ya fara narkewa. Wannan asara ce, amma ta kuɗi ce. Abin da ya fi ci mini rai sai da muka kwance yatsun na gan shi: leɓen bokitin, a inda yatsan dama ya ɗauki nauyin duka shi kaɗai, ya saki ƙasa kamar leɓen raƙumi.

Na kira mai kayan a nan take. Sai magana ta canja. Wai lambar da ke jiki ta yatsun ce, ba ta bokitina ba, ba kuma ta lodata ba. Wai ƙarfen tsakiya sayensa ake daban. Na ce, "Alhaji, da bakinka ka ce mini ado ne." Ya ce shi bai tuna ba. Abin haushin shi ne maganarsa ta farko gaskiya ce, kuma ita ce ya kamata ya faɗa mini kafin ya karɓi kuɗina. Yatsun ba su lanƙwashe ba ko kaɗan, ƙarfensu mai kyau ne. Amma ina amfanin yatsa mai ɗaukar kilo 1,800 in bokitin da aka ɗaura shi a jikinsa ba zai ɗauki rabin haka ba?

Mai waldar da ya gyara mini bokitin, wani dattijo da ya daɗe yana aikin manyan injuna, shi ya zauna ya zana mini abin a ƙasa da tsinke. Nauyin da kamfani ke cewa loda za ta ɗaga, a kusa da fil ɗin da bokiti ke juyawa a kai ake auna shi. Da wannan fok kuwa, sai ka tsallake zurfin bokitin gaba ɗaya, sannan ka ƙara rabin falet, kafin ka iso inda nauyin yake. Kayan sun yi gaba da fiye da mita guda, kuma duk tazarar da suka ƙara, ƙarfin ɗagawa raguwa yake, tayoyin baya kuma sauƙi suke ƙarawa. Ga nauyin bokitin kansa da na yatsun, duk lodar ce ke ɗauke da su kafin a ɗora buhu ko ɗaya. Sannan bokiti an yi shi ne don yashi ko ƙasa su bazu a cikinsa ko'ina. A nan kuwa nauyin duka yana sauka a wuri biyu masu faɗin tafin hannu: gaban yatsan yana jan leɓe ƙasa, dunduniyarsa tana tura gindin bokiti sama. Ya ce, "Alhaji, ka gode Allah naka leɓe ne kawai, na ga wanda gindin bokitin ya buɗe."

Ya gasa wurin da wuta, ya danna da jak, ya ƙara ƙarfe mai kauri a ƙarƙashin leɓen daga gefe zuwa gefe. Ya ƙera mini ƙarfen tsakiyar da aka hana ni, mai ramuka don a iya matso da yatsun ko a buɗa su. Ya kuma like ƙugiya biyu a saman bayan bokitin, inda yanzu nake ɗaura sarƙa daga kowane yatsa in ɗaure ta tamau, don saman bokitin ya raba nauyin da leɓe. Ƙarfen da na saya a Ƙofar Ruwa da ladan aikinsa, in ka haɗa da takin da ya narke, sun cinye duk rangwamen da na ɗauka na samu.

Bayan wannan gyara, gaskiya abin ya zama wani abu dabam, kuma a nan zuciyata ta ɗan sauko. Yatsun ba sa motsi. Buhu takwas nake ɗorawa, ba na wucewa, kuma a haka ma aikin da mutum huɗu za su wuni suna yi muna gama shi kafin azahar. Dogayen kaya irin bututu, kwanon rufi, rodi da itacen da aka sare, nan ne ya fi burge ni, don ba su da nauyi sosai amma ba sa shiga bokiti. Lokacin girbi na kwashe shanshera da shi daga masussuka zuwa inda ake shanya, bayan kowa lafiya lau. Wani maƙwabcina ya roƙe ni in ɗaga masa tankin ruwa mai lita 1,000 a cike, na ce a'a. Tan guda ne cif, kuma ruwa yana kai-komo a ciki, in ka taka birki shi bai tsaya ba.

Akwai dokokin da na kafa wa direba, kuma ba na sassauci a kansu. Ba a tafiya da kaya a sama, sai an iso inda za a sauke ake ɗagawa, kuma a tsaye cak a wuri mai daidai. Lodata ba ta daidaita bokiti da kanta, saboda haka duk yadda hannuwan suka yi sama, yatsun ƙara kallon sama suke, in mutum bai riƙa gyarawa ba kayan za su iya sulalowa ta kan hannuwan su sauka a kan wanda ke kujera. A jikin yatsun akwai aljihu biyu da ake soka katako a tsaye don tare kaya daga baya, na soka, ba na cirewa. In akwai gangara, kayan su kalli tudu: a hau da gaba, a sauko da baya, kada a gitta. Babu mai hawa kan yatsu ko falet don ya kai hannu wani wuri, ko da minti ɗaya ne. Babu mai shiga ƙarƙashin kayan da aka ɗaga, don tiyon haidirolik ba ya sallama kafin ya fashe. In an tashi aiki, yatsu su kwanta a ƙasa kafin a kashe inji, saboda tsininsu daidai ƙaurin mutum yake da daddare.

Sai dai ko da na fara yabonsa, in na tuna wasu abubuwa raina sake ɓaci yake. Daga kujera ba ka ganin tsinin yatsun ko kaɗan, bokitin ya tare komai. Da lalube ake shiga falet, ko a dogara da mai nuni da hannu, wato dole sai an sa mutum a kusa da inda bai kamata mutum ya tsaya ba. Buhun shanshera nawa muka huda a haka, falet nawa muka farfasa. Sukurun ma ba ya zama yadda ka bar shi, girgizar hanya tana sassauta shi, sai an riƙa saukowa ana ƙara matsewa bayan ɗauka ta farko da kuma lokaci-lokaci. Hannun murɗa ɗaya daga ciki tuni ya karkace, zaren kuma ya fara cinyewa duk da giris ɗin da muke shafawa. Ƙasan sukurun ya bar tabo biyu masu zurfi a cikin bokitin, sai da na riƙa saka guntun ƙarfe mai faɗi a tsakani.

Bokitin kuma bai koma yadda yake ba, wannan shi ne abin da ba na iya yafewa. Da shi nake share masussuka kafin girbi, da shi nake baje ƙasa a hanyar gona, yana tafiya sumul. Yanzu duk inda na ja shi sai ya bar layi a gefen dama, sai an bi da shebur. Na sayi abu don ya ƙara wa tarakta aiki, ya rage mata wanda ta iya tun asali.

Ga mai ƙaramin aiki, wanda kayansa ba su wuce kilo ɗari uku ko huɗu ba kuma bokitinsa mai kauri ne, zai amfana, da sharaɗin a buɗe kayan a gabansa ya ga ƙarfen tsakiya da ramin sarƙa kafin ya biya. Wanda kullum cikin tan-tan na taki ko siminti yake, kada ya ɓata kuɗinsa. Ya nemi fok mai firam ɗinsa, wanda ake cire bokiti a ɗaura shi kai tsaye a hannuwan loda: kayan suna matsowa kusa da tarakta, nauyin bokiti ya fita daga lissafi, kuma kana ganin abin da kake sokawa. Dattijon nan mai walda ya riga ya auna hannuwan lodata, bayan girbin rani zai haɗa mini. Mai kayan kuwa har yau kayansa ba su iso ba, kuma ya daina ɗaga wayata.