Butalin Gas a Damagaram: Wanne Za Ku Saya, Kuma Daga Hannun Wa?

Gas ɗin da ake girki da shi a gidajen Zinder ba daga nesa yake zuwa ba. Matatar SORAZ tana nan arewa da gari, wajen kilomita 50 a kan hanyar Tanut, kuma tun da aka buɗe ta a watan Nuwamba na 2011 take tace ɗanyen man Agadem da ake turo mata ta bututu daga jihar Diffa. An gina ta ne don tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin na da kashi 60, gwamnatin Nijar na da 40. Bayan isansi da gazwal, tana fitar da gas na girki, shi ne kamfanoni ke ɗurawa a butali su rarraba. Babu bututun gas da ke shiga gidaje a garin nan kamar na ruwan famfo. Duk wanda zai yi girki da gas, da butali zai yi hulɗa, da kuma mutumin da ke musanya masa shi idan ya ƙare.

Wannan mai musanyar shi ne mutane suka fi mantawa da shi ranar saye. Ana duba fenti, ana duba girma, ana taya kuɗi, ba a tambayar inda za a samu cikakke ranar da wuta ta mutu ana tsakiyar tuƙa tuwo. Ni a ganina daga nan ya kamata a soma zaɓe, amma bari mu fara sallamar maganar girma tukuna, tunda ita ce ta fi sauƙi.

Butali uku aka fi sani: mai kilo 3, mai kilo 6, da babba mai kilo 12.5. Farashin cikawa da gwamnati ta tsayar bayan buɗe matatar, wanda ya daɗe a haka, shi ne sefa 300 kowane kilo. Ke nan ƙarami sefa 900, na tsakiya 1,800, babba 3,750, ko a lissafinmu na kasuwa jika uku da dala 150. Tunda kuɗin kilo ɗaya ne a dukkansu, babba bai fi arha ba. Bambancin yana wajen kuɗin butalin kansa da ake biya a karon farko, da kayan haɗi, da irin girkin gidan.

Mai kilo 3 na gwauro ne da ɗalibi da mai dafa shayi. Ba zan tsaya a kansa ba. Gida mai yara ba ya wadatuwa da shi.

Mai kilo 6 shi ya cika gari, kuma da dalili. Kan wutar a bisansa ake ɗaura shi kai tsaye, a aza ƙarfen da ke riƙe tukunya, shi ke nan. Ba tiyo, ba rasho, ba wani kashe kuɗi na daban. Yaro matashi zai iya ɗaukarsa, ɗan kabu-kabu zai kai shi ya dawo da shi, kuma sefa 1,800 kuɗi ne da magidanci zai iya fitarwa a tsakiyar wata ba tare da ya ci bashi ba. Aibinsa biyu ne. Wuta ɗaya ce, sai an sauke miya a ɗora shinkafa. Na biyun shi ya fi damuna: tukunya tana zaune a sama, a kan abu mai tsawo, daidai kan yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya. Babbar tukunyar tuwon gero ta gidan yawa ba ta zama daram a kansa, kuma tuƙi da muciya yana girgiza shi. Ƙonewar da ake yi da wannan butalin sau da yawa ba daga gas take ba, daga miya ce ko ruwan zafi da suka kife. Haka kuma idan gindin tukunya ya fi ƙarfen faɗi sosai, zafi yana komawa ƙasa ya dinga dukan kan butalin, abin da ba a so.

Babban, mai kilo 12.5, da rasho yake aiki, mai wuta biyu ko uku. Butalin yana gefe, tiyo ya haɗa su, a kansa kuma akwai na'urar rage ƙarfin gas da masu sana'ar ke kira detandar. Gida mai mutum shida, bakwai, ko mai yawan baƙi, ko wanda ake girkin buɗa-baki da azumi ana soya ƙosai ana dama kunu lokaci guda, wannan ne nasa. Tukunya tana ƙasa-ƙasa, butalin yana nesa da wuta, kuma ba a yawan zaryar musanya. Sai dai kowace mahaɗa da aka ƙara wuri ne da gas zai iya tsiyaya. Wanda ba zai iya kula da tiyo da detandar ba, gara ya tsaya a kan mai kilo 6.

Idan aljihu ya yarda, abin da na fi so ga matsakaicin gida shi ne babba ɗaya na girkin yau da kullum, da mai kilo 6 a ajiye cike. Ranar da babban ya ƙare da dare, ko gas ya yi wuya a gari, ba a kwana da yunwa. Kuma gas yana yin wuya, duk da matatar tana maƙwabtaka da mu. Idan an tsayar da injuna don gyara, ko buƙata ta fi abin da ake fitarwa, sai ka ga butali a jere a ƙofar depo, mutane na jira a rana. Ga kuma iyaka kusa, gas ya fi tsada a Najeriya, wannan ma yana jan wasu su karkatar da shi.

To, wane kamfani? Za ku ga sunaye irin su Sonihy, Niger Gaz, Gani Gaz, Oriba da sauransu, kowane da launin butalinsa. Kada wani ya ruɗe ku da cewa gas ɗin wane ya fi na wane ƙarfin wuta. Tushensu kusan ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne yawan wuraren musanya, da lafiyar butalansu, da yadda suke yi da mai saye idan an samu matsala. Galibi butalin kamfani da na kamfanin ake musanya shi. Saboda haka kafin ku biya ko dala, ku zaga unguwarku. Mazaunin Birni ko Garin Malam da ya sayi launin da sai a can bayan Kasuwar Dole ake samunsa, ya ƙara wa kansa kuɗin adaidaita a kan kowace cikawa har abada. Ku tambayi maƙwabta biyu ko uku wane launi ne ba ya yankewa a wajen mai butikin kusa, musamman lokacin ƙaranci. Matan unguwa sun fi kowa sanin amsar nan.

Yanzu ga mai sayarwa, inda nake so in daɗe.

Ku je depo ɗin ku tsaya kaɗan kafin ku yi magana, ku ga yadda ake sauke kaya. Akwai wurin da yara ke jefo butali daga saman mota yana faɗuwa a kan ɗan'uwansa, ana mirgina shi da ƙafa, mai wurin yana zaune yana kallo. Akwai kuma wurin da ake miƙawa hannu da hannu, a jera su a tsaye cikin inuwa, cikakku gefe guda, fanko gefe guda, da abin kashe gobara rataye inda hannu zai kai, kuma ba mai kunna taba a kusa. Halin maigidan wuri a hannun yaransa ake ganinsa. Wanda ya bari ana wurgi da butali a gabansa ba zai damu ba idan naku yana tsiyaya.

Batun inuwa ba ƙawa ba ne. Gas ɗin da ke cikin butali ruwa ne, kuma yana kumbura da zafi, shi ya sa a masana'anta ba a cika shi har baki, ana barin sarari a sama. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke wuce digiri 40, butalin da aka cika fiye da ƙa'ida aka kuma shanya shi a rana haɗari ne. A nan ne matsalar masu juye take, wato waɗanda ke ɗura gas daga babban butali zuwa ƙarami a bayan shago, ba ma'auni, ba gwaji. Wani lokacin su ba ka ƙasa da abin da ka biya, wani lokacin su cika ya wuce kima, kuma na biyun ya fi muni. Ko da kuɗinku bai kai na cikakken butali ba, ku haƙura ku hura gawayi kwana biyu, kada ku kai butalinku wajen juye.

Tambayoyi uku sun isa ku gane wanda kuke ciniki da shi. Ku ce, "Alhaji, akwai sikeli a auna mini?" A jikin kowane butali an buga nauyinsa yana fanko. Idan an rubuta kilo 8, a misali, kuma mai kilo 6 ne, cikakkensa ya kamata ya kai wajen 14. Mai gaskiya zai ɗora shi a sikeli ba tare da ɓata rai ba. Sannan ku ce, "Idan na kai gida na ji yana wari, za a canza mini?" Amsar da ake so ita ce "Kawo shi, Hajiya, a ba ki wani," ba "Ai haka suke zuwa" ba. Ta ukun, ku nemi lambar wayarsa, ku kuma tambaye shi nawa yake sayarwa lokacin da gas ya yi wuya. Wanda ya riƙe farashin gwamnati a lokacin ƙaranci, ya kuma ajiye wa abokan cinikinsa na kullum, ku riƙe shi da kyau ko da ya fi wani nisa kaɗan. Wanda ya ninka kuɗi, ana iya kai ƙararsa ofishin ma'aikatar kasuwanci na jiha, don farashin nan ba shi ya tsayar da shi ba. Akwai kuma hukumar ARSE da ke sa ido a kan harkar makamashi a ƙasar. Mutanenmu ba su saba kai ƙara ba, sai a ce "Allah ya isa" a biya. Ni dai ina ganin shirun nan ne yake ƙara musu ƙarfin gwiwa.

Butalin da aka miƙo muku ma ku duba shi. Hatimin roba na bakinsa ya zama bai tsinke ba. Ku karkata shi ku ga gindi, don a nan tsatsa ke ci. Wanda ya lotsa sosai, ko ƙafarsa ta karye ba ya tsayuwa daidai, ko an yi masa walda, ku ce a ba ku wani. Haƙƙinku ne, ba rashin kunya ba ne. Sabon fenti ba shaida ba ne, ana shafa shi a kan tsatsa.

Wajen kayan haɗi ne tsumulmula ke kashe mutane. Tiyon ban ruwa ko na mota ba tiyon gas ba ne, ko da bakinsu ya yi daidai. Na gas na ainihi yana da rubutu a jikinsa, da shekarar da ya kamata a daina aiki da shi. Zafinmu da ƙurar hunturu suna busar da roba da wuri, ga ɓera yana gaigaya. Ku lanƙwasa shi lokaci-lokaci, in kun ga tsaga ko ƙanƙanuwa ce ku canza. A ɗaure bakinsa biyu da zoben ƙarfe mai ƙusa, ba da tsumma ko robar taya ba. Detandar kuwa ku sayi mai nauyi a hannun wanda zai karɓe shi idan bai yi ba, ku tabbata ƴar robar da ke cikin mahaɗarsa tana nan.

Bayan an haɗa, a kaɗa ruwan sabulu a shafa a kowace mahaɗa da soso. In kumfa yana tasowa yana girma, akwai tsiyaya. Ba a gwadawa da ashana, ko da wasa. Warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da gangan ake zuba shi cikin gas don hanci ya kama. Idan kun ji shi, ku rufe butali, ku buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki ko fanka, kada a kunna komai, a fitar da butalin fili. Gas ɗin nan ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka ɗakin girki mai taga ɗaya can sama ba ya fitar da shi da sauri. Idan wuta ta kama ta fi ƙarfinku, lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ku koya wa kowa a gidan har ƴar aiki. Wajen kunnawa, a fara ƙyasta ashana sannan a buɗe gas. Wuta mai kyau shuɗiya ce. In ta koma rawaya tana baƙanta tukunya, kan wutar ya toshe, a wanke shi.

Wasu za su ce duk wannan wahala, me ya raba mu da itace? Gaskiya ba zan ce a watsar da murhu ba. Girkin biki da suna, da wake mai daɗewa a wuta, da babbar tukunya, har yanzu itace ko gawayi ne ke ɗaukarsu, kuma murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi yana rage cin itace. Akwai ma gawayin ƙasa na Anu Araren ga wanda ya samu. Rasho na lantarki kuwa, da irin ɗauke wutar da muke gani lokacin zafi, ba abin dogara ba ne shi kaɗai. Amma duk wanda ya ga idon uwarsa ya yi ja saboda shekarun hayaƙi, ko ya ga yadda masu amalanke ke ƙara nisa kafin su samo itace, ya san me gas ya zo ya sauƙaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Gawayi ma yana da nasa: kada a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da sanyin hunturu, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci.

Ga amarya da ango su biyu, mai kilo 6 ya isa, a ajiye shi a ƙasa mai tauri da ta yi daidai, a lungun da ba hanya ba. Da yara sun fara rarrafe, a yi ƙoƙari a koma babba da rasho a kan tebur, ƙaramin ya zama na ajiya. Mai sana'ar abinci a bakin titi, babba biyu take buƙata na launi ɗaya, da inuwa a kansu, da tiyo mai tsawon da zai nisanta butali daga kaskon mai.