Lichess da dokokinsa na hana maguɗi a darar Turawa

A Tudun Wadan Zariya na taso ina kallon dattawa suna dara a gindin darbejiya bayan la'asar, 'yan kallo sun yi musu zobe, kowa yana jefa tasa shawarar ba tare da an ga laifinsa ba. Da na fara buga darar Turawa, wato ces, a dandalin intanet na Lichess shekara biyu da suka wuce, wannan sabon ne ya fara ba ni wahala, domin a can sa bakin wani a wasan da ake ƙirga maki haramun ne, ko mutum ne ko na'ura.

Wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, shi ya kafa dandalin a 2010. Kyauta ne, babu talla, gudummawar jama'a ce ke riƙe da shi, kuma a ƙaramar waya ma yana tafiya lafiya.

Abin da ya zaunar da ni a kansa shi ne yadda ya ɗauki maganar ha'inci da gaske. Tun 1997 da kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov, gwanin duniya na lokacin, aka san inda aka dosa, yau kuwa manhajar buga ces ta Stockfish, da kowane ɗalibi a Samaru zai iya sakawa a wayarsa, ta fi ƙarfin gwanin duniya. Saboda haka dokar ta hana tambayar manhaja ko duba littafin buɗe wasa yayin da agogo ke tafiya, sai dai a wasan kwanaki, wanda ake ba mutum kwana ɗaya ko fiye kafin ya yi motsi, an yarda da littafin amma ban da manhaja. Ta kuma hana faɗuwa da gangan don a rage maki a shiga gasar ƙanana, da haɗa baki da aboki ya riƙa sallama maka wasa. Wanda aka kama, sai a liƙa wa shafinsa jan rubutu cewa ya karya ƙa'ida, dara ta ci gida ke nan.

Na ga amfanin wannan da idona. Wani dare na sha kashi a hannun wani da kowane motsinsa, mai sauƙi da mai wuya, yake ɗaukar kusan daƙiƙa biyar, na kwanta da takaici. Washegari sai ga saƙo cewa an gano shi, an mayar mini da makin da na rasa.

Akwai inda nake da ja. Ba sa bayyana hujjar da suka kama mutum da ita, don kada 'yan maguɗi su gane hanyar zillewa, kuma na fahimci dalilin. Amma tun 2022 da Magnus Carlsen, gwanin duniya na lokacin, ya zargi ɗan wasa Hans Niemann da maguɗi na san nauyin zargi a kan sunan mutum, don haka ƙofar ɗaukaka ƙara da suka bari a buɗe ita ce ta kwantar mini da hankali.

Ranar Juma'ar da ta wuce ƙanena ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Yaya, tura dokin nan mana." Dokin kuwa shi ne daidai. Na ce masa ya yi haƙuri ya ja bakinsa, na bar dokin a inda yake, na tura wani ɗan daban.