Wata tara ina biyan darussan jarrabawar lasisin zanen gini a Amurka: ga abin da na samu

A makon jiya na dakatar da biyan kuɗin darussan intanet da na yi wata tara ina bi don jarrabawar lasisin zanen gini a nan Amurka. Takarda shida ce jarrabawar, na ci biyar, saura ɗaya, ita kuma da littattafai zan shirya mata. Ba zan kama sunan kamfanin ba tunda akwai ƙorafi a bakina, kuma ire-irensa kusan duk kanwar ja ce: bidiyo, tambayoyin gwaji, da jarrabawar gwaji mai agogo, ana cire kuɗi duk wata.

Ga wanda bai san dawan garin ba, a ƙasar nan jiha ce ke ba da lasisi, ba gwamnatin tarayya ba. Kafin ka samu kuwa, doka ta hana ka kiran kanka akitek, ko digiri nawa ka tara. Ni har yau "mai zane" ne a katin ofis. Hukumomin jihohin suna da majalisa guda mai suna NCARB, ita ke shirya jarrabawar ARE 5.0 tun 2016, ita ke riƙe da lissafin awa 3,740 na koyon aiki, wanda kusan rabinsa sai a ƙarƙashin akitek mai lasisi. Digirina na farko ba a nan na yi shi ba, da a kansa na tsaya sai hukumar NAAB mai tantance karatun zanen gini ta auna shi darasi bayan darasi. Na gwammace in yi digiri na biyu a makarantar da ta amince da ita, in huta. Darussan da nake magana a kai babu ruwansu da duk wannan, jarrabawa kawai suke koyarwa.

Inda kuɗina ya biya shi ne ɓangaren kwangila. Na shiga da tunanin za a gwada iya zanena, ashe takardu uku daga cikin shidan, wato tafiyar da ofis, tafiyar da aiki, da sa ido a wurin gini, tambaya ɗaya suke ta juyawa: idan abu ya lalace, a wuyan wa yake? Malamin da ke wannan ɓangaren ya ɗauki takardun kwangila guda biyu na AIA, ƙungiyar akitek-akitek ta Amurka, B101 da ke tsakanin mai gini da akitek, da A201 mai sharuɗɗan aikin ɗan kwangila, ya bi su sashe-sashe kamar mai tsefe kai. A wurinsa na gane cewa dabarar da ɗan kwangila zai bi ya tayar da gini, da tsaron lafiyar leburorinsa, ba hurumin akitek ba ne. Ka je wurin gini ka ga katakon da aka tokare rufin kankare da shi bai yi maka ba, ka sanar, amma kada ka buɗe baki ka ce ga yadda za a kafa shi, domin daga ranar ka jawo wa kanka alhaki. A wurinsa kuma na riƙe cewa takardar canjin aiki sai da hannu uku, na mai gini, na ɗan kwangila da na akitek, kuma shekara ɗayar da ɗan kwangila ke da ita ta gyaran kurakurai tana fara ƙirguwa ne daga ranar da aka tabbatar ginin ya kai a shiga, ko da da sauran 'yan ƙarashe-ƙarashe. Shekara biyu na yi a ofis ina jin waɗannan kalmomi ana jefawa a taro, ina gyaɗa kai. Sai a bidiyon mutumin nan suka zauna mini. Takardun jarrabawar nan uku kowacce zama ɗaya na yi mata.

Daga nan ne tafiya ta fara tsami. Ragowar takardun na fasahar gini ne, kuma an tsara darussan ne don wanda ya tashi a nan, ya ga ana kafa gida da katako tun yana yaro. Ni da bulo da kankare na koyi aiki, da mita da milimita. Malama za ta ce katako biyu-da-huɗu ta wuce, babu wanda ya tsaya ya gaya mini ainihin faɗinsa inci ɗaya da rabi ne da uku da rabi, ko dalilin da ake jera shi inci 16 tsakani. A hannun wani kafinta na ji wannan a wurin gini, yana yi mini dariya. Haka lissafin ƙafa da inci: ka haɗa ƙafa tara da inci bakwai da rabi da wani adadin alhali agogo na tafiya, kai da ka saba da goma-goma. Awa ɗaya ta bidiyo da ta wadatar, amma babu.

Dokokin gini sun ɗan fi. Ƙa'idojin dokar naƙasassu ta 1990 an kawo su tsaf: gangaren keken guragu kada ya wuce ɗaya cikin 12, buɗin ƙofa inci 32, filin juya keke inci 60. Amma kundin dokokin gini na IBC, wanda ake sabuntawa duk shekara uku, haddar lambobi aka sa mu, alhali a jarrabawar gaske ana ba ka shafukan ne ka nemo amsa da kanka. Abin da ake gwadawa shi ne saurin lalube, su kuma ba su horar da mu a kai ba.

Wannan ne ya kayar da ni a takardar tsara aiki da zane. A jarrabawar gwajinsu makina ya yi kyau har sau biyu, na shiga da ƙarfin gwiwa. Tambayoyinsu gajeru ne, amsa ɗaya a fili. Na gaske kuwa za a jibge maka taswirar fili, dokar unguwa da buƙatun mai gini, sannan a ce zaɓi uku daga cikin shida, duk shidan kuma suna kama da daidai. Lokaci ya ƙare mini da sauran tambayoyi. Ƙa'ida ce sai bayan kwana 60 ake sakewa, ga kuɗin zama sabo, ga kuɗin darussa na tafiya. Na rubuta musu ina tambayar wata amsa da na ga ta saɓa wa kundin, sai da aka yi mako biyu aka turo mini godiya, ba gyara.

Wanda ya zo da digiri daga wata ƙasa, shawarata ya biya wata uku ko huɗu, ya fara da takardun kwangila, ya kwashe abin da zai kwasa, ya kashe cirar kuɗin nan ta kai-tsaye da hannunsa, don ba za su tuna masa ba. Ɓangaren fasaha kuma ya roƙi shugabansa a riƙa tura shi wurin gini, awannin ma ana lissafa masa su. Takardar da ta rage mini ita ce ta cikakken zanen aiki, na karɓi rana a wata mai zuwa. Wani abokin aikina ya aro mini littafin bangon katako da rufi, duk gefen shafukan ya cika da rubutunsa, a babin hana ruwa shiga bango nake yanzu.