Wata Takwas da Nikon D810 Ta Hannu

Ranar da na je Kaduna karɓar kyamarar nan, muna gama gaisawa na roƙi mai ita ya bar ni in ɗauki hoto ɗaya. Na ɗauki bangon shagonsa, na zare katin na sa a kwamfutata, na duba lissafin shota, wato sau nawa labulen cikin kyamarar ya buɗe ya rufe don ɗaukar hoto. Kyamarorin Nikon suna rubuta wannan adadi a cikin bayanan kowane hoto, kamar yadda mota ke ƙirga tafiyar da ta yi. Ta nuna 61,000 da 'yan kai. Kamfanin ya ce an gwada shotar D810 har bugu 200,000, ke nan ba ta ci sulusin kwananta ba. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Haba maigida, ai na faɗa maka a waya, amarya ce." Na ce, "Bazawara dai, yallaɓai, amma mai kyan riƙo."

Shi ya koma irin kyamarorin da ake yayi yanzu, marasa madubi, shi ya sa ya saka ta a kasuwa. Ni kuma shekara shida ina fama da ƙaramar Nikon D3200 a gidajen biki a nan Zariya, idona na kan babbar kyamara, aljihuna na ce mini in yi haƙuri. D810 ta fito a 2014 a kan kusan dala 3,300. Abin da na biya, in aka mayar da shi dala, bai kai kashi ɗaya bisa uku na wannan ba, duk da cewa a naira sai da na sayar da babur ɗina na cika.

Kafin in ce na saya, na tsuke ƙofar lensi sosai, zuwa f/16, na ɗauki sararin sama don ƙura ta fito fili. Nan ɗigo-ɗigon ƙura guda bakwai suka bayyana a kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, na yi amfani da su na rage wani abu a ciniki. Na haska tocilan cikin ramin katin CF, na ajiyar hoto, don in ga ko akwai ƙusar da ta lanƙwashe, domin in ɗaya ta karye gyaran ba na bakin titi ba ne. Lafiya lau. Abin da ban duba ba shi ne batir. Biyu ya ba ni, duka da rubutun EN-EL15 a jiki, sai da na dawo gida na gane ɗayan jabu ne, ko hoto 300 ba ya kaiwa. Na ainihin kuwa yana yi mini yinin biki cur ba tare da ya nemi caji ba. Robar da ke wurin riƙo ma ta fara ɓamɓarewa bayan sati uku, ashe da gam aka manna ta. Na kira shi, ya ce shi ma haka ya saya. To, an riga an yi sallama.

Sensar wannan kyamara girmanta ɗaya da tsohon fim na 35mm, wato kimanin milimita 36 da 24, ita ake ce wa ful-firem. Megafiksel 36.3 take da shi, kowane hoto yana fitowa da ɗigo 7,360 a tsawo, 4,912 a faɗi. Ban san me waɗannan lambobi suke nufi ba sai da na ɗauki wani dattijo a wurin ɗaurin aure, sanye da babbar riga mai aska takwas. Da daddare na buɗe hoton, na yi ta matso da shi, har na soma ƙirga zaren aikin ɗaya bayan ɗaya, na ga inda allurar maɗinkin ta ɗan kauce a gefen aljihu. Daga tsallaken rumfa na ɗauke shi, ban ma matsa kusa ba. Iyalansa suka ce a wanke musu babba. Na kai aka buga mai tsawon inci 24, ko ka kafa hanci a jikinsa ba za ka ga ya fashe ba.

Amma abin da ya fi burge ni ba yawan ɗigon ba ne. Duk mai ɗaukar hoton ɗaurin aure a ƙasar nan ya san masifar ƙarfe ɗaya na rana bayan an sauko Juma'a: ango cikin farar shadda mai ƙyalli, fuskarsa baƙa a ƙarƙashin inuwar hula. In ka auna haske a kan fuska, rigar ta ƙone ta zama farin fili babu zane. In ka auna a kan riga, ango ya zama inuwa. D810 tana sauka har ISO 64 (ISO shi ne ma'aunin yadda sensa ke jin haske), kuma in ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da ba a sarrafa ba, ka kare farin rigar, sai ka dawo kwamfuta ka ɗago fuskar daga duhu ba tare da ta yi yashi-yashi ba. Da tsohuwar kyamarata nakan ja ango in kai shi gindin darbejiya. Yanzu inda na same shi nan nake ɗaukarsa, abokansa na ta tsokanarsa, hoton ya fi rai.

Sai dai fa ba ta rufa wa kowa asiri, ni ne ma na farko da ta tona. Bikin farko da na yi da ita, kusan rabin hotunan wurin kamu sun fito da ɗan dishi-dishi. A allon kyamara lafiya suke, a kwamfuta sai ka ga idon amarya ya rabu biyu kaɗan. Na zata an sayar mini da mai ciwon fokas, wato wadda ba ta saita hoto ya fito tsaf, har na kwana ina tsine wa cinikin. Washegari na ɗora ta a kan ƙafa uku na gwada, hoto ya fito tsaf kamar reza. Ashe hannuna ne. Na saba ɗauka da saurin shota 1/60 na daƙiƙa da lensi 50mm, ita kuwa rawar hannun da ƙaramar kyamara ke haɗiyewa, wannan sai ta nuna maka ita. Yanzu ba na sauka ƙasa da 1/200 sai dole, na gwammace in ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200, don har nan hotonta da tsabta.

Ta tona asirin lensina ma. Wanda ya zo da D3200, mai 18-55, an yi shi ne don ƙaramar sensa. Yana shiga, amma kyamarar sai ta yanke gefe-gefe ta ba ka megafiksel 15 da ɗan abu, ka ga ka sayi sa kana cin naman ɗan akuya. Dole na nemo 50mm f/1.8G, shi ma na hannu. Abin daɗin shi ne tana da injin fokas a jikinta, don haka tsofaffin lensin AF-D masu araha suna aiki da ita, abin da D3200 ba ta iyawa.

Sannan kwamfuta. Kowane hoton RAW yana cin wajen megabait 40. Biki ɗaya, daga kamu zuwa dina, nakan dawo da hoto 1,500, wato gigabait 60 ke nan. Kwamfutata mai ƙwaƙwalwar gigabait 4 sai ta tsaya tana nishi, in danna hoto in je in ɗora shayi in dawo. Na ƙara mata ƙwaƙwalwa, na sayi diski na waje, na sayi katuna. Da na zauna na haɗa lissafin lensi da batir da waɗannan, sun kusa rabin kuɗin kyamarar. Babu wanda ya gaya mini wannan kafin in sayar da babur.

Amare kuma nasu ƙorafin daban. Wata ta ga hotonta kafin in gyara ta ce, "Malam mai hoto, wannan kyamarar taka gulma gare ta." Ta nuna ƙurajen da hoda ta rufe, da layin gam ɗin gashin ido. Yanzu lokacin da nake ɓatawa wajen gyaran fata ya ninka. Kuma bayan duk wannan wahala, yawancin hotunan a WhatsApp za su ƙare, ya matse su har ba a bambanta su da na waya. Wi-Fi ma ba ta da shi, in ƙawayen amarya suka taso da "turo mana yanzu", sai na zare kati na haɗa da waya ta igiya.

Na kai ta hawan Sallah sau ɗaya. Hoto biyar take yi a daƙiƙa, ga mai bin dawakai lokacin jahi wannan ya yi kaɗan, da yawa sun wuce ni. Waɗanda na kama kuwa, har kumfar bakin doki da ɗinkin jalala sun fito. Nauyinta da batir ya kusa kilo ɗaya kafin a sa lensi, kuma allonta ba ya lanƙwasawa, in kana son ɗauka daga ƙasa sai ka durƙusa cikin ƙura. Bidiyonta ya tsaya a 1080, babu 4K, wanda rabin aikinsa bidiyo ne ya nemi wata.

Da hunturu ya shigo na daina canza lensi a waje gaba ɗaya, sai a cikin mota ko ɗaki, baki a ƙasa. Duk da haka sau biyu na goge sensa tun daga Disamba.

Ga mai ɗaukar mutane a tsaye, ko kaya, ko gine-gine, wanda kuma yake wanke manyan hotuna yana sayarwa, ban san wata da za ta ba shi irin wannan a wannan kuɗin ba. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya ce zai tara ya sayi irinta, na ce ya fara sayen lensi mai kyau da filasha tukuna. Lissafin shotarta yanzu ya haura 84,000. Robar riƙon na sake manna ta da kaina, kuma ina cigiyar 85mm f/1.8 na hannu, in akwai mai shi a Zariya ko Kano, amma wannan karon har batir ɗin tocilan da zan haska cikinsa sai na gwada.