Ɗura da libar bindiga ko da matsewar teburi: wanne ya dace da Remington ɗinka?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi kwafin Remington 1858, tsohuwar fistol mai silinda mai juyawa da ake ɗura wa albarushi, ƙirar kamfanin Pietta, a can Amurka, kana tambaya ko ka nemi matsewar da ake girkewa a teburi ko libar da ke ƙarƙashin bututun ta isa, da kuma inda ake samun sauran tarkacen ɗuri.

Libar nan ita ce asali. Da ita sojojin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 suke danna dalma, a Colt ko a Remington. Ka zuba albarushi a rami, ka ɗora dunƙulen dalma, ka juyo silinda ta zo daidai ƙarƙashin madanni, ka ja liba. In dunƙulen ya yi daidai, bakin ramin zai aske masa wani siririn zobe kamar zaren azurfa ya faɗo. Zoben nan nake dubawa kullum, don shi ke nuna ramin ya toshe ruf, wutar wannan rami ba za ta tsallaka ta kunna na kusa da shi ba. Libar ba ta cin ko sisi, ba a mantawa da ita a gida. Illarta, bayan zagaye huɗu ko biyar tafin hannu yana yin tsami, kuma in dalmar ta yi tauri ƙarfin yana sauka ne kan ƙananan kusoshin libar.

Matsewar teburi kuwa sai ka cire silinda ka kafa ta a kai. Kana kallon ramukan shida a fili, ka san wanda ka zuba wa da wanda ba ka zuba wa ba, dalma kuma tana zama a zurfi ɗaya. A nan ne ka yi sa'ar zaɓi. Silindar Remington ba ta da wuyar fita: ka ɗana kunama rabi, ka sauke liba, ka zaro sandar tsakiya, ta mirgino tafin hannunka. Mai Colt 1851 ko 1860 sai ya buge weji, ɗan ƙarfen da ke riƙe bututu, ya cire bututun gaba ɗaya, don haka shi ban cika ba shi shawarar matsewa ba. Kai kam in kana zuwa filin harbi akai-akai, saye ta.

Amma ba ita za ka fara saya ba. Fara da ma'aunin albarushi na tagulla mai zarewa. Kada ka taɓa tsiyayawa daga batta kai tsaye cikin rami. Tartsatsi ɗaya da ya yi saura ya isa ya tashi battar a hannunka. Kuma baƙin albarushi kaɗai, ko madadinsa irin Pyrodex, gwargwadon da littafin kamfanin ya faɗa. Hodar harsashin zamani tana tarwatsa waɗannan bindigogi.

Sai sifanar kwance nonuwa, wato 'yan tsinayen bayan silinda da ake ɗora wa hulunan da ke kunna albarushi. A nan mutane suke asarar kuɗi, don Pietta da Uberti duk a yankin Brescia ta Italiya suke, amma tiredin nonuwansu ba ɗaya ba ne. In za ka yi odar sababbin nonuwa faɗi sunan kamfanin, ba 1858 kawai ba. Haka dalma: ana auna kaurinta da inci, yawancin kwafin .44 suna son .454, Ruger Old Army kuwa .457. Hula ma akwai lamba 10 da 11. Ka gwada gwangwani ɗaya tukuna, wadda ta kama nono ba ta zamewa ita ce taka.

Abin ɗora hula iri biyu ne, miƙaƙƙe kamar biro da mai siffar dodon koɗi irin na Ted Cash. Na biyun ya fi ɗaukar huluna da yawa, yana kuma jin daɗin Colt, amma gurbin nonon Remington matsattse ne, sau da yawa bakinsa ba ya shiga. Ɗauki miƙaƙƙen.

Wurin samu, duba Dixie Gun Works da ke Union City a Tennessee, da Track of the Wolf a Minnesota. In akwai kulob ɗin masu harbin albarushi kusa da kai, je ka riƙe kayan wani a hannu kafin ka biya.

Abu ɗaya nake roƙonka. Dokar tarayyar Amurka ta 1968 tana kallon irin wannan a matsayin kayan tarihi, ko da yake wasu jihohin sun fi tsauri, sai ka duba taka. Najeriya ba haka ba ne: dokar makamai ta 1959 ta sa fistol, har mai hula, cikin haramtattu. Kada ƙamshin albarushi ya tuno maka da 'yan bindigar hawan sallah ka sako ko ɗan ɓangarenta a jaka ranar dawowa gida.